Ranar da Uwar Kwalabe Ta Ga Ƙwayar Cutar

Shekararta goma sha ɗaya tana wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje na hawa na biyu, har duk ginin ya manta sunanta na gaskiya. Uwar Kwalabe ake ce mata, tun daga mai gadin ƙofa har shugaban cibiyar, ita kuma amsawa take yi da fara'arta. Ɗakin aikinta na can ƙarshen baranda. Famfo uku ne a ciki, da tukunyar tururi da ake dafa kayan aiki, da tanda mai ƙofar ƙarfe inda ake gasa kwalaben bayan wanki. Tana da ƙa'idar da ba ta karyawa ko wane ne ke gaggawa: sabulu, ɗauraya biyar da ruwan famfo, uku da tataccen ruwa. Sannan ta ɗaga kwalbar ta kalli taga. In ruwan ya zame bai bar ɗigo ko ɗaya a jikin gilashin ba, ta fita. In ya bar ɗigo, to a koma farko.

Cikin masu binciken da take wa wanki, Dakta ce ta fi shiga ranta. Siririya ce mai saurin tafiya, ta ba wa shekara arba'in baya kaɗan, kullum tana neman tabaraunta alhali yana bisa kanta. Abin da take aiki a kai ba ya jure datti ko na gumin yatsa, shi ya sa ba ta yarda da kwalbar da ba ta bi ta hannun Uwar Kwalabe ba. Ita kaɗai ce kuma a ginin ba ta kiranta da laƙabin. Yaya take ce mata.

Ran wata Litinin da hantsi Dakta ta shigo ɗakin wankin rungume da takardu, ta ja kujerar roba ta zauna ba tare da an ce mata ga wuri ba.

"Yaya, aron kunnenki nake so na minti goma."

"Kunnena naki ne, hannuna dai yana aiki," in ji Uwar Kwalabe.

Dakta ta ce an gayyace ta ranar Asabar ta yi wa wasu masu ɗauke da cutar nan mai karya garkuwar jiki bayanin aikinta, a sauƙaƙe. Ta gwada bayanin a kan mijinta, ya yi barci a shafi na biyu. Ta gwada a kan mahaifiyarta, tsohuwa ta saurara har ƙarshe sannan ta tambaye ta ko ta ci abinci.

Ta gyara murya ta fara karantawa. Ba ta kai layi biyar ba Uwar Kwalabe ta rufe famfo ta juyo.

"Dakta, da mutane za ki yi magana ko da firijin ɗakinki?"

Dakta ta kife takardun a cinya ta yi dariya har tabarau ya faɗo daga kanta. "Ya yi muni haka?"

"Ban kama komai ba sai sallamar. Ajiye takardar. Ki ba ni labari kamar kina ba ni labarin maƙwabciyarki."

Dakta ta yagi takardar goge hannu ta zana da'ira a kai. Ta ce ita ƙwayar cutar nan ba ta iya haihuwa da kanta, sai ta shiga cikin ƙwayoyin jinin mutum ta sa su ƙera mata 'ya'ya. Amma 'ya'yan in sun fito, ɗanyu suke fitowa, ba su iya kama kowa tukuna. A cikin kowace ɗaya akwai zare biyu dogaye, waɗanda a jikinsu aka rubuta duk yadda ake ƙera wata ƙwayar. Sannan akwai wasu dogayen sinadarai da ake kira furotin wajen dubu biyu da suka jeru a jikin bango, kai a bango, ƙafa tana kallon tsakiya, suna riƙe da zaren sama-sama ta wajen ƙafar.

"Kamar yara sun kwanta a zagaye da ɗaki," in ji Uwar Kwalabe.

"Yauwa. To a cikin ɗakin akwai almakashi. Da ƙwayar ta fito sai ya farka, ya bi dogayen nan yana yanka su gunduwa-gunduwa. Ɗaya daga cikin gunduwoyin, ɗan mitsitsi, shi nake bi shekara tara ke nan. Sunansa nukiliyokafsid."

"Nuki wa?"

"Nukiliyo..."

"Dakta, ki ji tsoron Allah. Wa zai kai wannan gida? Mene ne aikinsa?"

"Riƙo. Zaren yake riƙewa."

"To ki ce Ɗan Riƙo mana."

Dakta ta rubuta hakan a gefen takardar, ta ja layi biyu a ƙarƙashi. Ta ci gaba. Ɗan Riƙo yana da yatsu biyu, kowanne da ɗan ƙwayar ƙarfen zinki a gindinsa mai sa shi tsayawa ƙyam. Shi da zaren suna jan juna kamar maganaɗisu da allura. Da almakashi ya saki 'Yan Riƙon nan, sai su yi wa zaren caa, kowane harafi shida ko bakwai na rubutun jikinsa akwai ɗaya a kai. Inda zaren ya harɗe ba daidai ba su warware, su daidaita zare biyun su manne da juna sosai, su dunƙule su tamau. Wasu gunduwoyin kuma su gina ɓawo su rufe dunƙulen. Ta waiga tana neman abin misali, Uwar Kwalabe ta zaro mazurarin gilashi daga kan kanta ta miƙa mata.

"Kamar wannan?"

"Kusan haka siffarsa take, faɗi a sama, tsini a ƙasa. In an kai nan ƙwayar ta nuna. Yanzu ne take iya shiga wani ta yi ɓarna. Har a can ma Ɗan Riƙo bai huta ba, shi ke taimakawa a kwafe rubutun da ke jikin zaren."

"Ke kuma me kike nema a wurinsa har shekara tara?"

"Almakashin ba da sara ɗaya yake sakinsa ba, sau uku ne, bi da bi. Ina so in san yadda riƙonsa ke sauyawa bayan kowane yanka. In mun san hannunsa sosai, wata rana a sami abin da zai ɓamɓare shi."

Uwar Kwalabe ta ɗauki wata kwalba ta zuba mata sabulu. Sannan ta ce, "In almakashin ya ƙi ci fa?"

Dakta ta buga cinya. "Tambayar ke nan! Ba yanka, ba Ɗan Riƙo, zaren ba ya dunƙulewa, ƙwayar ta zauna ɗanya har ta lalace. Akwai ma maganin da aikinsa ke nan, toshe bakin almakashin. Kin ga, da wannan zan rufe bayanin." Ta tattara takardunta tana murna. "Yaya, kin cece ni. Wurin ma da nisa, wani ɗan asibiti ne mai koren fenti can bayan tashar jirgin ƙasa. Wai suna da ƙungiya da ke haɗuwa Asabar ɗin farko ta kowane wata."

Ta fita da saurinta. Uwar Kwalabe ta tsaya riƙe da kwalbar, ruwa na zuba a bayan hannunta. Sai da ta ɗauraye ta sau goma sha wani abu kafin ta lura ta ɓata lissafi.

Ta san asibitin mai koren fenti. Ta san bencin da ke girgiɗi kusa da tagar karɓar magani, ta san fankar ɗakin taron da ke ƙara kamar za ta faɗo. Shekara goma sha shida ke nan tana zuwa can. Mijinta na fari ne ya rasu bayan doguwar jinya, aka gwada ta aka samu tana ɗauke da cutar, 'yarta kuma Allah ya tsare ta. Da gangan ta zaɓi asibitin da sai ta hau bas biyu kafin ta kai, don kada ta yi karo da idon sani. A ƙungiyar nan ta Asabar kuwa ita ce ma mai jera kujeru.

Da yamma ta tarar da maigidanta a ɗan shagonsa da ke ƙofar gida, ya kwance wata fanka ya baza kayan cikinta a kan jarida. Gyaran fanka da dutsen guga ne sana'arsa. Shekara tara da aurensu. Ranar da ya fara nemanta ta faɗa masa komai tun bai zauna ba, ya ce ya ji, yanzu zai iya zama? Duk wata shida yana zuwa gwaji, duk wata shida sakamakon na fitowa lafiya lau.

"Shugaba, sannu da dawowa," ya ce ba tare da ya ɗago ba. "Yau tafiyarki ba irin ta kullum ba ce. Wa ya fasa kwalba?"

Ta zauna a kan benci ta kwashe labarin ta faɗa masa, har da zaren da Ɗan Riƙo da almakashin. Ya ajiye sukundireba yana saurare.

"To, hanya uku ce," ya ce. "Ko ki ƙi zuwa ranar Asabar, ko ki je ta gan ki kwatsam, ko ki faɗa mata tun yanzu."

"Ban taɓa fashin Asabar ba. Haihuwar jikanmu ma ran Asabar ta zo, sai da na jera kujeru na wuce."

"Saura biyu."

"In ta gan ni kwatsam za ta rikice a gaban mutane. Ka san ta da ruɗewa. Bayanin da muka sha wahalar gyarawa ya watse."

"Saura ɗaya. Kin ga na gama miki aiki, kawo ladan gyara."

Ta harare shi, amma ba ta yi dariya ba. "Malam, ba kunya nake ji ba. Ka san na wuce nan tuntuni. Kawai dai a wurin aikin nan ni Uwar Kwalabe ce, shi ke nan. Ba mai kallona ya karkatar da kai yana cewa sannu. In na yi tari, tari ne kawai. Ina son abina haka."

Ya gyaɗa kai. Ya ɗauki wani ɗan ƙarfe ya hura shi, ya goge da gefen rigarsa. "Ita Daktan, mai surutu ce?"

"A kan aikinta kawai."

"To ai mutum ɗaya ce za ta sani, ba ginin ba." Ya ɗan yi murmushi. "Ni abin da ya tsaya mini, wannan maganin da kike haɗiya kullum, shi ne mai toshe almakashin?"

Ita ma tambayar na cinta tun a bas. Shekara takwas da suka wuce maganinta na farko ya daina aiki, aka sauya mata wani. Ba ta taɓa tambayar me yake yi ba. An ce ta sha, tana sha, ta ga jikinta ya dawo. Ta shiga ciki ta ɗauko robar maganin daga cikin akwatin ɗinkinta, ta kwafe dogon sunan harafi-harafi a bayan wata takarda, ta ninke ta sa a jaka.

"Ƙwaya na maganin ƙwaya," in ji maigidan daga shago. "Ku dai masu ilimin nan kun ƙi nemo wa abubuwa suna daban-daban."

Talata ta wuce, Laraba ta wuce, takardar na cikin jaka. Sau biyu Dakta ta leƙo ɗakin wankin tana gwada mata sabuwar jimla, sau biyu Uwar Kwalabe ta buɗe baki sai wani ya shigo da kwandon kwalabe. Ranar Alhamis bayan azahar Dakta ta zo ta kama hannunta.

"Zo ki ga abin da kike wa wanki shekara da shekaru. Zan zaɓi hotunan da zan nuna musu, ina son idonki."

Suka sauka ƙasa, ɗakin babban madubin da ke ganin abin da ido ba ya gani. Uwar Kwalabe ba ta taɓa wuce ƙofarsa ba. Ɗaki ne mai sanyi, ba taga, injin na tsaye a tsakiya ya fi mutum tsawo. Mai kula da shi wani dattijo ne da ake kira Injiniya, wanda ke sa rigar sanyi ko ana zafin da ya fi na ko yaushe.

"A'a, yau manyan baƙi gare mu," ya ce. "Kada ki ji tsoro, duk abin da ke nan matacce ne, an kashe an busar. Ni kaɗai ne mai rai, ni ma da sauƙi."

Ya danna wani abu, hoto ya cika allon kwamfutar. Toka-toka ne, kamar an watsa tsakuwa a kan yashi. Ya ƙara girmansa. Sai ga su: ƙwallaye guda shida ko bakwai, kowanne da wani baƙin abu a cikinsa, faɗi a gefe ɗaya, tsini a ɗayan.

"Ga mazurarinki," in ji Dakta. "Baƙin nan da ke ciki, zaren ne Ɗan Riƙo ya dunƙule. Waɗannan sun nuna."

Uwar Kwalabe ta matso har numfashinta na taɓa gilashin allon. Shekara goma sha shida tana jin sunan abin nan. Ta yi kuka saboda shi, ta binne miji saboda shi, ta hau bas biyu sau ɗari da wani abu saboda shi. A ranta ta ɗauka in ta gan shi za ta ga wani abu mai ƙaho ko haƙora. Sai ga shi ɗan abu tsaf-tsaf, kamar maɓallin riga.

Injiniya ya sauya hoton. Waɗannan ma ƙwallaye ne, amma bangonsu ya yi kauri, tsakiyarsu kuwa fayau, ba komai. Wasu ma da'irar ba ta haɗe ba, kamar zoben da aka ɓalle.

"Waɗannan an raine su ne da maganin toshe almakashin a cikin ruwansu," in ji Dakta. "Kin ga dogayen nan na kwance a bango yadda aka haife su. Ba a yanka ba. Haka za su ƙare."

Injiniya ya dubi agogonsa ya ce shayinsa na hucewa a sama, kada kowa ya taɓa masa jan maɓalli. Ƙofa ta rufe a bayansa.

Uwar Kwalabe ta zaro takardar daga aljihun rigar aikinta, ta warware ta, ta ajiye a kan tebur.

"Dakta, duba min. Wannan yana cikin masu toshe almakashin?"

Dakta ta sauko da tabarau daga kanta ta karanta. "Ƙwarai kuwa, yana ciki. Ana haɗa shi da wasu da ke tare ƙwayar ta wata hanyar. Wani naki ne ke sha?"

"Ni ce. Shekara takwas ke nan. Kafin shi na sha wani shekara takwas. Asibitin da za ki je jibi, a can nake karɓa. In kin shiga ɗakin taron, kujerar da za ki zauna a kai ni na ajiye ta."

Dakta ta cire tabaraun, ta mayar, ta sake cirewa. Injin na ta ɗan gurnaninsa. Uwar Kwalabe ta shirya wa sannu, ta shirya wa karkatar da kai, har ta tanadi amsar da za ta bayar.

"Yaya, gwajinki na ƙarshe, ƙwayar cutar nawa aka ƙirga a jinin?"

"Shekara bakwai injinsu bai ga komai ba."

Dakta ta saki numfashi mai ƙarfi, ta dafa tebur. Idonta ya kawo ruwa, amma dariya ce ta fito. "Shekara bakwai! Alhamdu lillahi." Ta share ido da bayan hannu. Sai kuma fuskarta ta sauya. "Wayyo ni. Duk surutun da nake yi a gabanki. Sau nawa na shigo ɗakinki ina cewa ƙwayar nan kyakkyawa ce, ƙwayar nan gwana ce?"

"Ya fi a ƙirga."

"Ki yafe ni."

"Me kika yi? Ga ta nan na gani da idona, ba ki yi ƙarya ba. Tana da kyau. Muguwa ce dai." Ta nuna allon da haɓa. "Ni waɗannan masu fayau ɗin nake son ki ba ni hotonsu. Ashe abin da nake yi ke nan kullum in na haɗiyi maganin nan da kofin ruwa, ban sani ba."

Dakta ta ce za ta buga mata shi a takarda mai kyau. Ta ƙara da cewa maganar nan a ɗakin nan za ta tsaya, ko mijinta ba zai ji ba.

"Na sani. Da ban sani ba da ban faɗa ba. Abu ɗaya dai, jibi kada ki kalle ni kina magana. Ki kalli bango ko fanka."

Ranar Asabar mutum ashirin da uku suka zo, har aka aro benci daga baranda. Nas ɗin da ke kula da ƙungiyar ta gabatar da baƙuwa. Dakta ta miƙe riƙe da mazurarin gilashi da ta aro daga ɗakin wanki, muryarta na ɗan rawa a farko. Ta yi maganar zare biyu, ta yi maganar yaran da suka kwanta a zagaye da ɗaki. Da ta ce Ɗan Riƙo, wata mai sayar da atamfa ta ce ai ta san shi, sunan surukinta ke nan, ɗakin ya kwashe da dariya. Daga nan muryar Dakta ta zauna. Hotunan biyu suka zaga hannu-hannu, kowa na riƙewa ya daɗe. Wani tsoho ya ɗaga nasa sama yana kallo ta hasken taga, sannan ya miƙa wa na kusa da shi.

Sai wani direban babbar mota ya ɗaga hannu. Uwar Kwalabe ta san shi sarai, shi ne kullum Nas ke yi wa faɗa a kan tsallake magani in ya yi doguwar tafiya.

"Likita, ni ma irin wannan maganin nake sha. Tunda kin ce ya toshe almakashin, kuma an ce ba a ganin komai a jinina, to ai aiki ya ƙare. Me ya sa za a ce in yi ta sha har abada?"

Dakta ta fara amsawa. Ta ce rubutun ƙwayar yana nan ɓoye a cikin wasu ƙwayoyin jini, ta shiga maganar yadda adadin magani ke raguwa a jini bayan sa'o'i, ta kawo wata kalma mai tsawo, ta kawo ta biyu. Uwar Kwalabe ta ga idon direban ya fara yawo. Ba ta yi niyyar magana ba, sai ta ji bakinta ya riga ta.

"Direba, ba karya almakashin aka yi ba. Tsumma aka cusa masa a baki. Tsumman kuma narkewa yake yi, kullum sai an sa sabo. Ranar da ka tsallake, almakashi ya samu baki, Ɗan Riƙo ya fito ya kama aikinsa. Kai kana can kana tuƙi kana sauraron rediyo."

Direban ya sosa ƙeya. "To ai da haka aka ce min tun farko."

"An faɗa maka sau nawa?" in ji Nas.

"Ba a ce tsumma ba."

Aka sake dariya. Dakta, wadda tun farkon taron take kallon fanka kamar yadda aka umarce ta, ta saci kallon Uwar Kwalabe sau ɗaya, ta mayar da ido sama da sauri.

Bayan an tashi, Uwar Kwalabe ta tattara kujeru ta jera su biyar-biyar a jikin bango. Dakta ta ce ta zo ta rage mata hanya a motarta, ta ce a'a, akwai wadda suke tafiya tare duk wata, ba za ta bar ta ta hau bas ita kaɗai ba. A gida maigidan ya karɓi hoton ya juya shi sama da ƙasa, ya ce shi dai wannan ya fi masa kama da wayar fanka da ta ƙone, amma tunda Shugaba ta ce abin kirki ne, zai yi masa firam.

Ranar Litinin tana cikin cika tukunyar tururi ta ji ana turo ƙofa da ƙafa. Dakta ce, ta rungumo babban kwandon kwalaben ɗakinta, tana nishi, gilashi na ƙara a ciki.

"Na ce bari in kawo miki da kaina, kada ki sha wahalar hawa da sauka. Yana da nauyi."

Uwar Kwalabe ta goge hannunta a tawul, ta tsaya tana kallonta.

"Dakta, shekara nawa ina ɗaukar kwandon nan?"

"Goma sha ɗaya."

"Ranar Larabar da ta wuce wa ya ɗauka?"

"Ke."

"To me ya same ni tsakanin Laraba da yau?"

Dakta ta sunkuyar da kai tana kallon kwandon da ke hannunta.

"Ajiye shi nan tunda kin riga kin kawo," in ji Uwar Kwalabe. "Gobe ki bar min abina inda na saba samunsa. Kuma dubi yadda kika jera su, manya a kan ƙanana. Haka ake yi?"

Dakta ta ajiye kwandon a hankali, ta ce ta tuba. Ta tambaya ko za ta samu kwalabe shida masu faɗin baki kafin azahar, tana da gwaji. Uwar Kwalabe ta ce sai dai bayan azahar, tanda a cike take, kuma ba ta rage wa kowa lokacin gashi. Dakta ta ce to, bayan azahar ɗin, ta fita da saurinta. Uwar Kwalabe ta buɗe famfo ta fara da ƙananan.